Tarihin Fita Tait, Malamin da Ya Auna Matsuwar Ruwa

Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani malami na ƙasar Sikotilan, Peter Guthrie Tait, wanda ya ƙi yarda da awo sai ya binciki ma'aunin kansa.

An haife shi a Dalkeith ran 28 ga Afrilu, 1831. Ya yi makaranta a Edinbara tare da James Clerk Maxwell, daga nan ya wuce Kambirij, inda ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi cikin 1852. Ya koyar a Belfast, sa'an nan cikin 1860 Jami'ar Edinbara ta naɗa shi shehun malamin kimiyya.

Daga 1872 zuwa 1876 jirgin ruwan nan Challenger ya zaga duniya yana binciken teku. Mutanen jirgin sukan zura ma'aunin zafi can ƙasa don su san sanyin ruwan. To, amma nauyin ruwan da ke bisa yana matse gilashin, sai ma'aunin ya nuna abin da ba daidai ba. In ba a san iyakar kuskuren ba, wahalar shekara uku da rabi ta zama abin shakka. Sai aka danƙa wa Tait ma'aunan.

Ya sa su cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, ya yi ta matsa su. Ya gano kuskuren bai kai yadda aka zata ba, domin a gwajin da aka yi da farko matsin da kansa yakan ɗumama abin da ke cikin tukunyar, aka ɗauki wannan ɗumi kuskuren gilashi ne.

Wannan ya kai shi ga auna yadda ruwan daɗi da na gishiri ke tsukewa gwargwadon matsi da zafi. Cikin 1888 ya fitar da ƙa'idar lissafinsa. Ta nuna da a ce ruwa ba ya matsuwa, da teku ta ɗara inda take da fiye da ƙafa 100.

Daga baya masana suka gyara ƙa'idar, amma ba su cire sunansa ba. Da ita masu masana'antar roba ke lissafin yadda narkakkiyar roba za ta tsuke in an ɗura ta cikin mazubi ta huce, don kada bokiti ko kwano ya fito a karkace.

An kashe ɗansa Freddie a yaƙin Afirka ta Kudu cikin 1900, abin ya karya masa zuciya. Ya rasu ran 4 ga Yuli, 1901, a wani gida mai suna Challenger Lodge.

Mun ga ya kamata ma'aji da malamin haraji da malamin makaranta su lura da wannan. Kafin mutum ya sa hannu a lissafi, ya fara duba mudun da aka yi awon da shi.