Abu Mihjan Assaƙafi: Barden Ƙadisiyya Da Ya Rabu Da Giya

Abu Mihjan Assaƙafi, Allah Ya yarda da shi, mutumin Ɗa'ifa ne daga ƙabilar Saƙif, fasihin mawaƙi kuma barde da aka san shi tun zamanin Jahiliyya. Ɗa'ifa gari ne na lambunan inabi, a nan ya tashi, giya ta zame masa jiki tun kafin Musulunci ya iso gare shi. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa garin ƙawanya a shekara ta 8 bayan Hijira, Abu Mihjan yana cikin maharban da ke kare ganuwa. A shekara ta 9 Saƙif suka musulunta, shi ma ya musulunta tare da su.

Imani ya zauna a zuciyarsa, amma tsohon sabo ya ƙi sakinsa. Ya fita jihadi, ya halarci Yaƙin Gada a Iraƙi a shekara ta 13 ƙarƙashin ɗan ƙabilarsu Abu Ubaid Assaƙafi, duk da haka in an dawo gida sai ya koma wa kwalba. Ibnu Abdil Barri ya kawo a cikin Al-Isti'ab cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya tsayar masa da haddin shan giya sau da yawa, daga bisani ya ba da umarni a kai shi wani tsibiri a teku. Abu Mihjan ya kuɓuce wa mai rakiyarsa a hanya. Da zai gudu, bai nufi ƙasar Rumawa ko ta Farisa ba, inda ba mai hana shi sha. Rundunar Musulmi ya nufa, wadda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ke jagoranta a Ƙadisiyya. Umar ya rubuto wa Sa'adu ya tsare shi, aka sa shi a mari.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin Musulmi da rundunar Farisa ta Rustumu mai giwaye. Sa'adu yana fama da maruru, ba ya iya hawan doki, sai ya riƙa ba da umarni daga saman ginin da aka tsare Abu Mihjan a ƙarƙashinsa. Ƙarar takubba da haniniyar dawaki suka hana fursunan sakat. Ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi, ta ara masa Balƙa'u, goɗiyar mijinta, ya yi mata alkawari in Allah Ya kuɓutar da shi zai dawo ya mayar da ƙafafunsa cikin mari da kansa. Ta ƙi da farko, daga baya ta amince da alkawarin mutumin da jama'a suka sani da mashayi.

Ya rufe fuskarsa, ya kutsa cikin sahun Farisawa yana kabbara, duk inda ya dosa sai su watse. Musulmi suka rasa gane wannan mahayi. Sa'adu daga sama ya ga tafiyar goɗiyarsa, ya ga kuma irin sukar mashin Abu Mihjan, amma ya san yana ɗaure. Da ƙura ta lafa, Abu Mihjan ya dawo, ya mayar da goɗiya, ya koma cikin marinsa kamar yadda ya alkawarta.

Da Salma ta ba mijinta labari, Sa'adu ya sake shi, ya yi rantsuwa ba zai ƙara yi masa bulala a kan giya ba. Nan take Abu Mihjan ya rantse shi ma ba zai ƙara sha ba. Ya bayyana cewa a da yana ganin haddi na tsarkake shi, yanzu kuwa da aka ɗauke masa bulala, bari kaɗai ya rage masa. Ana ambaton kabarinsa a Azarbaijan ko Jurjan.

Sahabbai sun koyi wannan hali ne daga Manzon Allah (SAW). Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha yi wa bulala a kan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta Abu Mihjan, amma ba a fitar da shi daga sahu ba, shi ma bai bar sahun ba.

Wanda shaye-shaye ya kama a yau yana buƙatar irin wannan sahu: likita ya duba jikinsa, sa'annan ya samu zama na yau da gobe da waɗanda suka taɓa faɗawa suka tashi, inda zai faɗi halinsa a rufa masa asiri. Hakki ne a kan limamai da masu unguwanni su buɗe wa irin wannan zama ƙofa, hakki ne kuma a kan mai fama ya je, ya sake komawa ko da ya yi tuntuɓe. Allah Ya yarda da Abu Mihjan, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya karɓi tubanmu baki ɗaya.