Dakta Edmund Kells: Likitan da Ya Rasa Hannunsa Wajen Ƙirƙiro Hoton Haƙori

Mai karatu, hoton haƙorin da likita ke tura ka ka yi a yau bai kai daƙiƙa ɗaya ana ɗaukarsa ba, kuma hasken da ke ratsa jikinka kaɗan ne ƙwarai. Da can ba haka abin yake ba. Waɗanda suka fara wannan aiki sun yi shi ba malami, ba ƙa'ida, ba kuma hukumar da za ta ce wane ya iya, wane bai iya ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Charles Edmund Kells, likitan haƙori ɗan Amurka, wanda hasken eksire ya cinye wa yatsu, ya cinye hannu, har zuwa kafaɗa. Tarihinsa zai nuna maka dalilin da ya sa aka kafa hukumomin tantance masu ɗaukar hoto da masu karanta shi, da kuma abin da ya kamata ka nema idan aka tura ka hoto.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Kells ranar 21 ga Oktoba, 1856, a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka. Mahaifinsa likitan haƙori ne, don haka a ɗakin aikin mahaifin ya buɗe ido ya ga sana'ar. Ya tafi New York ya yi karatun likitancin haƙori, ya gama a 1878, sannan ya dawo gida ya shiga aiki tare da mahaifinsa.

Tun yana ɗalibi wutar lantarki ta ɗauke masa hankali, har yakan ziyarci ɗakin gwaje-gwajen Thomas Edison. Da ya dawo gida, yana cikin likitocin haƙori na farko a Amurka da suka jawo lantarki cikin ɗakin aikinsu. Mutum ne mai son ƙere-ƙere, ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 30. Mafi amfani a cikinsu ita ce na'urar zuƙe jini da ruwa a lokacin tiyata. Wannan siririn bututu da ake rataya maka a baki yana janye yawu idan ana gyara maka haƙori, shi ma da irin wannan dabara yake aiki.

A 1885 ya ɗauki mace aiki a matsayin mataimakiya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Mata da yawa ba sa iya zuwa wurin likitan haƙori sai da miji ko ɗan rakiya, amma da aka san akwai mace a ɗakin sai suka sami natsuwar zuwa. Sauran likitoci suka kwaikwaye shi.

Zuwan hasken eksire

A ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Wilhelm Röntgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa tsoka ya bar inuwar ƙashi a jikin fim. Kafin ƙarshen Janairun 1896, wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa. Sai da ya yi minti 25 a kwance haske na dukan fuskarsa, kuma hoton da ya fito bai nuna wani abin kirki ba.

Da labari ya isa New Orleans, Kells ya nemo kayan aiki ya haɗa tasa na'urar. A cikin 1896 ya ɗauki hoton haƙorin mutum mai rai, ɗaya daga cikin na farko a Amurka. Ya ƙera ɗan abin riƙe fim a cikin baki don kada ya motsa, domin ɗaukar hoto ɗaya kan ci mintuna masu yawa. A watan Yulin shekarar ya ɗauki kayansa zuwa garin Asheville, ya nuna wa taron likitocin haƙori na kudancin ƙasar yadda abin ke aiki.

Ka duba abin da wannan ya canza. Abin da kake gani na haƙori a baki bai kai rabinsa ba, saiwarsa tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Kafin hoto, likita ba ya ganin mugunyar da ta taru a ƙarshen saiwa, ba ya ganin haƙorin da ya kwanta cikin ƙashi ya ƙi fitowa, ba ya ganin guntun saiwar da ta karye ta zauna bayan an cire haƙori. Lalube ake yi. Kells ya kuma fito da dabarar zura siririyar waya cikin ramin saiwa a ɗauki hoto, don a san tsawonta kafin a wanke ta a cike. Likitocin da ke ceto haƙori maimakon cire shi suna bin wannan tafarki har yau.

Yadda hasken ya ci hannunsa

Na'urorin farko ba su da tabbas. Kwalbar gilashin da ke fitar da hasken yau ta yi ƙarfi, gobe ta yi rauni, kuma babu ma'aunin da zai gaya wa mai aiki inda take. Dabarar da aka saba ita ce mutum ya sa hannunsa a gaban kwalbar, ya leƙa ta wani allo mai ƙyalli, yana murɗa wuta har sai ya ga ƙasusuwan yatsunsa sun fito sarai. A nan ne zai san na'ura ta daidaita. Kells ya yi haka da hannunsa na hagu kusan kullum, shekara da shekaru.

Hasken eksire ba ya zafi a lokacin da yake ratsa jiki, shi ya sa ya yaudari mutane. Abin da yake yi shi ne lalata ƙwayoyin halittar jiki kaɗan-kaɗan. Jiki kan gyara ƙaramar ɓarna, amma idan ana maimaita ta a wuri guda kullum, wasu ƙwayoyin sukan lalace su koma ciwon daji, kuma sai bayan shekaru alamar ke bayyana. Wajen 1908 gyambon da ba ya warkewa ya fito a yatsun Kells, aka tabbatar ciwon daji ne.

An yi gargaɗi tun kafin nan. Wani likitan haƙori a birnin Boston, William Rollins, ya ƙone a hannu a 1898. A 1901 ya gwada hasken a kan ƙananan dabbobi ya ga yana kashe su, ya yi ta rubutu yana kira da a rufe kwalbar cikin akwatin dalma, a kare mai aiki da majiyyaci. Kaɗan ne suka saurare shi. Babu hukumar da za ta mai da shawararsa doka, babu jarrabawar da za ta tilasta wa kowa ya san ta.

Cikin shekara 20 da suka biyo baya an yi wa Kells tiyata fiye da sau 30. Aka fara da yatsa, aka bi da sauran, aka cire hannun, a 1926 kuma aka yanke shi daga kafaɗa. Duk da haka bai bar aiki da rubutu ba, ya fitar da littattafai biyu a 1925 da 1926.

Yaƙinsa da cire haƙora barkatai

Akwai haɗari na biyu da Kells ya gani, kuma shi ya fi shafar majiyyaci: a ɗauki hoto a karanta shi ba daidai ba. Daga wajen 1910 wani ra'ayi ya bazu tsakanin likitocin Amurka da Ingila cewa ƙwayoyin cutar da ke saiwar haƙori su ne tushen ciwon gaɓoɓi da ciwon zuciya da cututtuka da dama. Sai aka shiga cire wa mutane haƙora, wani lokaci a kwashe na baki gaba ɗaya. Hoton eksire ya zama hujja. Duk duhun da aka gani kusa da saiwa sai a ce ciwo ne, alhali wani duhun ramin halitta ne da jijiya ke bi a cikin ƙashi, wani kuma kuskuren ɗaukar hoton ne.

Kells, wanda ya fi kowa ɗokin wannan na'ura, shi ne ya tashi yana sukar yadda ake amfani da ita. Wajen 1920 ya yi jawabai da rubuce-rubuce yana nuna cewa mummunan hoto a hannun wanda bai iya karatunsa ba ya fi rashin hoto illa, kuma haƙorin da za a iya ceto bai kamata a cire shi ba. Daga baya bincike ya nuna cire lafiyayyun haƙora ba ya warkar da waɗannan cututtuka, aka bar al'adar.

Rasuwarsa

Ciwon ya fara bayyana a hannunsa na dama. Bayan shekaru na azaba, ranar 7 ga Mayu, 1928, Kells ya ɗauki ransa da kansa yana da shekara 71. Idan kana jinyar wanda ke fama da ciwo mai tsawo, ka sani zafin jiki da baƙin cikin da ke biyo shi duka suna da magani a yau. Idan majiyyaci ya fara maganar gajiya da rayuwa, a gaya wa likitansa ba tare da jinkiri ba.

Daga darasinsa zuwa hukumomin tantancewa

A watan Yulin shekarar da ya rasu, masana hoto na duniya suka taru a Stockholm ta ƙasar Suwidin suka kafa kwamitin kare mutane daga illar wannan haske, wanda har yau ƙasashe ke bin shawarwarinsa. A ɓangaren koyarwa, wani likita mai suna Howard Raper ya riga ya shigar da darasin hoton haƙori cikin karatun ɗalibai a jihar Indiana, ya kuma rubuta littafin koyar da shi a 1913.

Sai dai an daɗe kafin fannin ya tsaya da ƙafafunsa. A 1949 likitocin haƙori masu sha'awar hoto a Amurka suka kafa ƙungiya. A 1979 aka kafa hukumar da ke yi wa ƙwararru jarrabawa a fannin hoton baki da muƙamuƙi da fuska, ta ba wanda ya ci takardar shaida. Sai a 1999 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa, shekara 103 bayan hoton Kells na farko. Aikin irin wannan hukuma shi ne ta tabbatar wanda ya kira kansa gwani ya yi ƙarin horo bayan digiri, ya san yadda hasken ke cutarwa, ya kuma iya bambance ciwo da abin da yake halitta ne.

A Najeriya an raba aikin tsakanin hukumomi. Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ita ke ba likita lasisi. Kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke jarraba masu neman zama ƙwararru. Masu ɗaukar hoto suna da hukumar rajistarsu tun 1987. Akwai kuma hukumar kula da makamashin nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001, mai sa ido kan na'urorin da ke fitar da irin wannan haske.

Abin da ya shafe ka

Idan ka taso daga Dutsin-Ma ko Kurfi ko wani ƙauye na gefen madatsar ruwa ta Zobe da ciwon haƙori, likita ya ce sai an yi hoto, ko da sai ka je Katsina, kada tarihin Kells ya tsorata ka. Shi ya sha hasken kullum na tsawon shekaru da na'urar da ba ta da kariya. Ƙaramin hoton haƙori na yau bai wuce abin da jikinka ke samu a rana ɗaya daga ƙasa da sararin sama ba.

Ka tambayi likita abin da yake son gani a hoton, domin ba a yin sa sai da dalili. Ka tafi da tsohon hotonka idan kana da shi, don kada a maimaita. Ka yi shi a asibiti ko wurin da ke da rajista, kuma ka mayar da shi ga likitan da ya tura ka ya karanta. Kada ka bari wanda ba likita ba ya duba inuwa a fim ya ce a cire haƙori. Idan ka raka yaro ko dattijo, ka tsaya inda ma'aikaci ya nuna maka, a bayan bango ko nesa da na'urar da kamar mita biyu. Ke kuma mai juna biyu, ki faɗa kafin a fara. Ciki ba ya hana hoton haƙori idan akwai buƙata, amma ya kamata likita ya sani.

Kumburin muƙamuƙi da ya ƙi sauka, ko leɓen da ya mutu ba ya jin taɓi, ko haƙoran da suka fara girgiɗi ba tare da an buge su ba, suna buƙatar hoto da idon gwani tun da wuri, kafin a kai ga wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa.