Tarihin Tex Avery, mai zanen da ya mai da kaboyi abin dariya

An haifi Frederick Bean Avery ranar 26 ga watan Fabrairu na shekarar 1908 a garin Taylor, cikin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, wato ƙasar makiyayan shanu waɗanda ƴan kallon silima suka sani da sunan kaboyi. Daga sunan jihar ne laƙabinsa na Tex ya fito.

Bayan ya ƙare karatu a birnin Dalas, sai ya nufi Los Anjalas neman abinci, ya samu aiki a gidan zane mai motsi na Walter Lantz. A nan ne tsautsayi ya afka masa: wata rana ana wasa, wani abokin aiki ya harbo ɗan ƙarfe da roba, ya same shi a idon hagu, idon ya mutu. Da ido guda ya yi sauran aikinsa duka.

A 1935 ya koma kamfanin Warner, inda a 1940 ya fito da zomon nan mai wayo, Bugs Bunny, cikin siffar da duniya ta san shi da ita. Da suka saɓa da maigidansa a 1941, sai ya kama aiki a kamfanin MGM.

A zamanin nan finafinan kaboyi suna tashe, suna nuna namijin duniya shi ne mai doki da bindiga. Avery, ɗan ƙasar da aka haifi wannan tatsuniya, ya juya ta baibai. A 1943 ya ƙirƙiro Droopy, wani ɗan kare mai sanyin jiki da sanyin murya, wanda ba ya gaggawa, ba ya fushi sai an kai shi bango. Cikin fim ɗin Wild and Woolfy na 1945, kyarkeci ɗan fashi ya sace mawaƙiya ya sheƙa a kan doki, amma duk inda ya tsaya sai ya tarar da ɗan karen. Cikin Drag-a-Long Droopy na 1954 kuwa, karen makiyayin tumaki ne, kyarkecin mai shanu, suna rikici a kan wurin kiwo. Kowane fim bai wuce minti bakwai ko takwas ba, amma darasinsa a fili yake: mai cika baki da harbe-harbe shi ke jin kunya, mai haƙuri shi ke dafa dutse. A nan Nijar ma, Mustafa Alasan ya yi wa kaboyi irin wannan ba'a da mutane na gaske a fim ɗinsa na 1966.

Avery ya bar MGM a 1953, daga baya ya shiga yin tallace-tallace na talbijin, har da na maganin ƙwari. Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Ɗansa ya mutu a 1972 ta sanadin ƙwaya, aurensa kuma ya lalace, mai sa duniya dariya ya koma mutum mai kaɗaici. Duk da haka bai aje alƙalami ba. Yana cikin aiki a kamfanin Hanna-Barbera ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a garin Burbank ranar 26 ga watan Agusta na 1980, yana da shekara 72.