Szent-Györgyi: Tattasai, Zuciya da Nobel

'Yan'uwa ɗalibai, wannan karon Albert Szent-Györgyi na zaɓo mana, haifaffen Budapest a 1893. A 1929, shi da Alan Drury suka gano sinadarin adenosin na rage bugun zuciya daga wajen ƙwayar halitta. Ashe saƙo yake kaiwa! Yanzu an san ƙwayar da ta ji rauni kan zubo ATP, sai fararen ƙwayoyin jini su rugo ɗauki. Daga tattasai, irin na miyarmu, ya tato bitamin C mai yawa, ya karɓi Nobel a 1937. 'Yan Nazi sun farauce shi, ya sha da ƙyar. Ya rasu a Amurka a 1986. Ni kam ina ganin kafin mu yi kukan rashin kayan bincike, mu leƙa gonakinmu na Kiru da Bebeji.