Andrea Mantegna: Mai Zanen Da Lissafi Ya Ceto Aikinsa

A duk lokacin da aka ambaci lissafi, ciniki da gini ne suke fara zuwa a ran akasarinmu. Ni kuwa nakan tuna da Andrea Mantegna, shahararren mai zane na ƙasar Italiya.

An haife shi wajen shekarar 1431 a wani ƙauye kusa da birnin Padua. Mahaifinsa kafinta ne. Tun yana yaro aka kai shi koyon sana'a wurin Francesco Squarcione. A 1448, yana da kimanin shekara 17, aka sa shi cikin waɗanda za su ƙawata bangon ɗakin ibada na Ovetari a cocin Eremitani, aikin da aka kammala a 1457. Abin da ya fito da shi shi ne ƙwarewa wajen auna nisa da kusurwa, har mai kallo ya ga kamar bangon ya buɗe. A 1460 ya koma Mantua ya zama mai zanen fadar gidan sarautar Gonzaga, a can kuma ya rasu a 1506.

Ranar 11 ga Maris, 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, bama-baman jiragen ƙasashen Ƙawance suka ruguza ɗakin na Ovetari. Aka tsince ɓaraguzai sama da 80,000 aka adana a akwatuna. Shekaru suka shuɗe, akasarinsu ba a san gurbinsu ba.

Daga bisani Domenico Toniolo da Massimo Fornasier na Jami'ar Padua suka samo mafita. Matsalar ita ce ba a san ta wace fuska kowane ɓantare ya juya ba. Sai suka mayar da hoton kowanne zuwa lambobin da juyawa ba ta rikita su, kwamfuta kuma ta riƙa gwada su da tsofaffin hotunan bangon marasa launi. A 2006, shekara 500 cif da rasuwarsa, aka mayar da waɗanda aka gano gurbinsu.

A ganina, darasin a fili yake. Ba don hotunan da aka ɗauka kafin yaƙi ba, da lissafin bai sami abin gwaji ba. Wanda ya adana tun ana zaman lafiya, shi ya ba masanin gobe abin aiki.