Mendeleyef, Malamin Makarantar da ya Jera Sinadarai

Duk malamin da ya taɓa shiga ɗakin koyar da kimiyya, ko a Tarauni, ko a Gyaɗi-Gyaɗi, ko a Dawakin Kudu, ya ga wata takarda mai gida-gida kamar dara manne a bango. Yara na haddace ta, amma kaɗan ne suka san mai ita. Sunansa Dimitiri Mendeleyef, mutumin Rasha, kuma aikin malanta aka horar da shi ya yi.

An haife shi a 1834 a yankin Tobolsk, can ƙasar Saibiriya mai tsananin sanyi. Shi ne auta a cikin 'ya'ya fiye da goma. Ubansa shugaban makarantar sakandare ne, sai makanta ta same shi, ya bar aiki. Uwar, Mariya, ita ta ɗauki nauyin gida, ta riƙa tafiyar da wata masana'antar gilashi ta danginta. Uban ya rasu a 1847, shekara na kewayowa kuma gobara ta cinye masana'antar.

Wata da ta sallama. Ita kuwa sai ta ɗauki yaron suka yi tafiyar mil fiye da dubu zuwa Mosko, don ya shiga jami'a. Aka ƙi karɓarsa, domin dokar lokacin ta ware wa kowane lardi jami'arsa, shi kuwa ba ɗan lardin ba ne. Suka wuce Sen Fitasbag. A nan, cikin 1850, ya sami shiga babbar kwalejin horon malamai inda ubansa ya yi karatu. Gwamnati ke ci da ɗalibai, bisa sharaɗin in sun gama za su koyar a makarantunta. Wanda ya bi ta kwalejin malamai a ƙasar nan ya san irin wannan alkawari. Uwar ba ta daɗe ba bayan ta ga ya shiga, ta rasu a wannan shekara.

Ya gama a 1855 da lambar zinariya, amma yana fama da ciwon ƙirji, har likitoci na zaton tarin fuka ne. Saboda haka aka tura shi kudu mai ɗumi, garin Simferofol a Kirimiya. Ya isa ya tarar ana yaƙi, makaranta a rufe. Ya koma Odesa, ya koyar da yaran sakandare lissafi da kimiyya. A 1856 ya komo Sen Fitasbag ya ƙara karatu, daga 1859 zuwa 1861 kuma yana Jamus. A can ya halarci taron masana sinadarai na Kalsruhe a 1860, inda wani Ba'italiye, Kannizaro, ya bayyana hanyar daidaita nauyin ƙwayar zarrar kowane sinadari.

To, ga inda nake so malamai su tsaya su duba. A 1867 aka ba shi kujerar koyar da ilmin sinadarai a Jami'ar Sen Fitasbag. Ya nemi littafin da zai ba ɗalibansa cikin harshensu, bai sami wanda ya gamshe shi ba, sai ya zauna rubuta nasa. A zamanin nan sinadarai na asali, watau waɗanda ba su rarrabuwa zuwa wani abu, kamar ƙarfe da zinariya da farar wuta, guda 63 aka sani. Ya ƙare kashin farko na littafin, ashe takwas kaɗai ya taɓa. Saura 55, ga shi dole su shiga kashi na biyu. Da wanne zai fara, wanne zai biyo? Damuwar da ke kama kowane malami daren da yake tsara darasin gobe, ita ta kama shi.

Ya jera su bisa nauyin ƙwayarsu, daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Sai ya ga halayensu suna zagayowa, kamar yadda Jumma'a ke komowa bayan kwana bakwai. Ya sa masu hali ɗaya a layi ɗaya, kamar 'yan gida guda. A watan Maris na 1869 jadawalin ya fito.

Ba shi kaɗai ya lura da wannan zagayowa ba. Wani Bajamushe, Lota Maya, ya kai kusan inda ya kai, har Ingila ta haɗa su a lambar girma ɗaya a 1882. Abin da ya fifita Mendeleyef ƙarfin zuciya ne. Inda jerin bai dace ba, ya bar gurbi, ya tsaya a kan cewa akwai sinadarin da ba a gano ba tukuna. A 1871 ya bayyana nauyi da halin guda uku. A 1875 wani Bafaranshe ya gano na farko, galiyam, ya auna ya ce nauyinsa ninkin na ruwa 4.7 ne. Mendeleyef, wanda bai taɓa ganin abin da idonsa ba, ya rubuta masa ya sake awo. Da aka tace shi aka sake, sai ga 5.9, daidai da lissafinsa. Na biyu ya fito a 1879, na uku a 1886.

Nakan ji samari masu digirin ilmin sinadarai suna ɗaukar aji a matsayin wurin fakewa kafin aikin kamfanin mai ya samu. A ganina ba su san abin da ke hannunsu ba.

Shi dai bai daina zama malami ba, har abin ya ci masa kujera. A 1890 ɗalibai suka ba shi takardar koke ya kai wa Ministan Ilmi. Minista ya mayar da ita, shi kuma ya ajiye aikin jami'a. Daga 1893 aka ɗora shi kan ofishin awo da ma'auni na ƙasar Rasha, yana nan har ya rasu a 1907. Ran jana'izarsa ɗalibai suka ɗauko jadawalin suka ɗaga, suka bi gawar da shi. A 1955 masana a Amurka suka samar da sinadari na 101, suka sa masa sunansa. Yau gidajen jadawalin 118 ne.