Nana Asma'u: Malamar da ta ɗora wa mata malfa

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a 1793. Mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta ne, kusa da Galmi, ba nisa da Madawa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Da ta ga matan aure na ƙauyuka ba sa samun fita neman karatu, sai ta kafa 'Yan Taru. Dattijai mata da 'yan mata ƙanana ke takowa Sakkwato su haddace waƙoƙinta, su koma su koyar a gida. Jagorar kowace tawaga, wato jaji, Asma'u ke naɗa ta da malfa, hular da aka saba gani a kan maza da Innar Gobir. Yarinyar da ta biyo tawagar tana tasowa ne tana ganin mace a matsayin malama.

Ta rasu a 1864, an binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato.